Tabarauna a Gindin Bishiya

Ni ba matsoraci ba ne. Amma in ba tabarau, ko matata ba na bambanta ta da randa.

Wani dare ina kan bishiya ina dakon gada a bakin rafi. Na ja baka, tsirkiya ta fizge tabarauna, ya faɗi ƙasa. Kwaɗi suka yi tsit.

"Maharbi, sauko ka karɓi idanunka," in ji wani tsoho daga gindin bishiyar.

Na ce, "Ajiye nan ka tafi, Baba."

"Ina jira, ɗana. Hanyar sauka ɗaya ce."

Na leƙa. Komai ya zama hayaƙi, amma shi ina ganinsa tar, har tururuwar da ke yawo kan ƙwayar idonsa, bai ƙifta ba.