Bencin Baya

Rabi tana tsakar gida tana daka sakwara ita kaɗai, ba mai juya mata. A da, ranar Asabar irin wannan gidan cike yake da matan zumunta na coci, ana koyon waƙa ana shewa. Tun da dattawan ikilisiya suka sa ta a horo cikin damunar 1988, ko mai neman aron gishiri ba ta leƙo ba. Mutane dai akwai su da gudun wanda ya faɗi, sai ka ce faɗuwa ƙyanda ce.

Laifinta a fili yake, ita ma ba ta musa ba. Shekara shida da aurenta da Orshi ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Uwar mijin, wadda kowa ke kira Mama Orshi, ta sa ta a gaba da gori, har wata rana ta ja ta wurin wani boka a bayan Doma aka ɗaura mata guru a ƙugu. Wata 'yar zumunta ta hango gurun suna sauya zane a wurin taro, kafin Lahadi magana ta kai kunnen Fasto. Da dattawa suka tambayi Rabi wa ya kai ta, sai ta ce ƙafarta ce. Suka yanke mata zama a benci na ƙarshe kusa da ƙofa, ba waƙa cikin mata, ba cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke rabawa a coci.

Duk wannan ya faru Orshi ba ya nan. Direban babbar mota ne, yana kwasar doya daga Lafia zuwa Kano, sai ya yi makonni a hanya. Kowace Lahadi Rabi ta zauna ita kaɗai, tana kallon ƙoƙon jibi yana wucewa layi-layi, ya tsaya kafin ya iso gare ta. Da farko fushi take yi da Allah. Daga baya, cikin wannan kaɗaici, ta gane ta daɗe tana dogara da gurun fiye da Mahaliccinta, ta yi kuka mai yawa ta roƙi gafara.

Ranar da Orshi ya dawo, ko ruwa bai sha ba Mama ta tare shi da gurguwar Hausarta.

"Wannan matarka ya kawo mana kunya. Haihuwa babu, coci ma sun tura shi baya. Ka mayar da shi gidan ubansa, finish!"

Orshi ya yi shiru, kamar yadda ya saba. Wannan shirun ya fi gorin yi wa Rabi ciwo. Ta shiga ɗaki ta fara ninke zannuwanta cikin akwati, hawaye na zuba. Ya biyo ta ya tambaye ta wa ya nuna mata hanyar bokan. Ta ce a jikinta aka ɗaura, ita za ta amsa. Bai ƙara tambaya ba, don ya san matarsa ko tashar Doma ba ta sani ba.

Da safiyar Lahadi ya shigo coci, ya wuce ɓangaren maza ya je ya zauna kusa da Rabi a bencin baya. Wani dattijo, Baba Iorkyaa, ya lallaɓo ya raɗa masa cewa wurin na masu horo ne.

"Na sani, Baba. Shekara shida ana cin mutuncin matata a gabana, ban ce uffan ba. In akwai bencin masu irin laifina a nuna mini. In babu, a bar ni nan."

Mama tana layin gaba cikin mata, ta waiwayo ta gan su. Da ƙoƙon ya iso gabanta, sai ta bari ya wuce. Cikin makon ta je gidan Fasto da kanta ta faɗi komai, maganar korar Rabi kuma ta mutu murus.

Ranar da aka cire Rabi daga horo, jama'a suka miƙe aka tarbe ta da waƙa. A ranar ne kuma aka sanar da horon Mama. Rabi ta ci jibi tana hawaye, sannan maimakon ta koma cikin mata, ta nufi ƙofa inda tsohuwar ke zaune, kai a sunkuye.

"Rabi, ka koma gaba. Ni na jefa ka cikin wannan."

"Mama, matsa mini. Na san yadda wurin nan yake in mutum shi kaɗai ne."

Ku matasa, ku riƙe wannan: Allah ba ya horon ɗansa don ya yar da shi, sai don ya dawo da shi gida. Wanda kuma aka yafe wa, bai kamata ya bar ɗan'uwansa a bakin ƙofa ba.

Mama ta share ido da bakin zanenta, ta matsa mata.