Ranar da Vandi Ya Ce "Ta"

"Me ka ce? Maimaita in ji!"

Vandi ya ajiye kofin kunu, ya dube ni. "Na ce Liyatu ta rame, Rut. Tausayi take ba ni."

"Ta rame! Take ba ka! Iye... lallai an ci gaba."

Wanda bai san mijina ba zai ce aljanu ne suka taɓa ni. To ku tsaya ku ji. Ni 'yar Wusasa ce, da Hausa na buɗe baki. Vandi kuwa ɗan dutsen Michika ne, lauya mai Turanci kamar ruwa, amma Hausarsa ta Mubi ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Uwar da ta haife shi, "ya tafi gona". Ƙanwarsa, "ya yi aure".

Lokacin da yake nemana a Zariya ya ce min, "Ina son ka." Na yi dariya har da hawaye, na ce sai ya gyara bakinsa tukun. Ya sha wuya kafin ya iya. Tun daga nan ni kaɗai ce "ke", ni kaɗai ce "ta" a bakinsa duk faɗin duniya. Wasu matan sarƙar zinariya aka ba su, ni abin da aka ba ni ke nan, kuma ina ji da shi.

Sai ga Liyatu.

Shekarar korar baƙi ce, 1983. Ungozoma ce a wani ɗan asibiti mai zaman kansa. Wani mai hangen aikinta ya kai tsegumi wai 'yar Kamaru ce, don uwarta daga ƙetaren iyaka take. Aka sallame ta, ana shirin jefa ta a mota. Vandi ya ɗauki shari'ar, a mayar da ita aiki, a kuma bar ta a ƙasarta.

Na san ta a coci. Doguwa, ga wushirya, ga yarensu ɗaya da shi. Surukata ma ta taɓa ce min, tana murmushi, Liyatu dangi suka so ya aura. Duk da haka ban damu ba. Muddin yana cewa "ya zo ofis", "ya yi kuka", barcina nake har da minshari.

"Rut tawa, wai mene ne?"

"Kar ka ƙara ce min tawa! Je ka ce wa doguwarka."

"Haba masoyiya, yau ne fa shari'ar. Bari in dawo, zan..."

"Za ka me? Uwarka ba ta samu ba, ƙanwarka ba ta samu ba, sai Liyatu? Bakin mutum ba ya gyaruwa haka kawai, Vandi. Sai zuciya ta fara!"

Ya dubi agogo, ya dube ni, ya ɗauki baƙar rigarsa da farar hular gashin nan ta lauyoyi ya fita. Ko waiwaye! Wallahi wannan ya fi komai ƙona min rai.

Na zuba kayana a akwati ina kuka. Kishi nake ji har cikin haƙorana. Na nufi tasha, Zariya zan koma. Amma da na zo daidai kotu ƙafata ta ƙi gaba. Na ce sai na ga irin kallon da yake mata kafin in bar garin nan.

A bakin ƙofa na yi karo da Baba Tizhe, tsohon mai unguwa daga Bahuli, wani ƙauye a ɓangarenmu na iyaka, aminin marigayi surukina. Shi ne shaidar Liyatu.

"A'a, amarya! Ina za ka da akwati?"

"Ganin gida, Baba."

"Da ido ja haka?"

Na wuce shi, na zauna can baya, akwatin tsakanin ƙafafuna.

Ga ta nan a gaba, ta rame ɗin kuwa, amma ramar ma kyau ta yi mata. Tsaki na ja har na kusa da ni ya waiwayo.

Aka kira Baba Tizhe. Da Hausa yake magana, tafinta, wani Bakano, yana juya wa alƙali da Turanci.

"A Bahuli aka haife shi. A gabana ya yi rarrafe, a gabana ya girma."

Tafinta ya juya yadda ya ji, da kalmar namiji. Sai lauyan ɗaya ɓangaren ya yi wuf ya miƙe.

"Ya Mai Shari'a, a rubuta! Wancan zaman ma haka ya faɗa. Matar nan tana da wa namiji, shi aka haifa a Bahuli. Tsohon nan labarin wanta yake bayarwa, ba nata ba."

Liyatu ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Ban so in ji tausayinta ba, amma na ji.

Vandi ya miƙe a hankali. "Baba, ina matarka?"

"Ya mutu bara."

"Allah ya ji ƙai. 'Yarka Asta fa?"

"Yana gidan miji a Lamorde, ya haifi biyu."

Aka fara ƙus-ƙus. Alƙali ya ɗago kai daga rubutu. Vandi ya juya zai nuna wata mace cikin masu kallo, sai idonsa ya faɗa kaina, daga kaina ya sauka kan akwatin. Ya ɗaga hannu ya nuna ni.

"Waccan mai jan ɗankwali fa, Baba... ka san ko wace ce?"

"Yo matarka ne mana! Ya yi fushi, ya ɗauko akwati zai tafi gidansu. Ɗana, in ka gama da nan ka je ka ba shi haƙuri."

Kotu ta kece da dariya, har ɗan sandan bakin ƙofa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Alƙali ya buga tebur yana danne tasa dariyar, ya ce kotu ta gane yadda shaida yake magana, ta kuma karɓi shaidarsa a kan Liyatu. Ya hana kowa taɓa ta har a yanke hukunci.

Ban jira ba, na ja akwatina na fita. A gindin dalbejiya ya cim min, hular gashin a hannu, gumi sharkaf.

"Rut!"

"Ka gama tozarta ni?"

"Ki saurare ni. Tun zaman farko nake zama da tsohon nan a ofis, Baba ka ce ta, Baba ka ce ta. Shi bai ɗauka ba, ni ya manne min a baki. Shi ke nan fa!"

"Shi ke nan? Ka rantse ba ka taɓa jin komai a kanta ba."

Ya sunkuyar da kai. Abin ya soke ni.

"Da can, kafin in je Zariya, na ji," ya ce. "Ba zan miki ƙarya ba. Amma na je na gan ki, na dawo na faɗa wa uwata ko ke ko babu. Wata biyu ya ƙi min magana."

Hawaye suka ɓalle min. Ban taɓa sanin wannan ba.

"Yau na tsaya don kada kalma ɗaya ta raba wata da ƙasarta," ya ce. "Sai kuma kalma ɗaya ta raba ni da ke? Rut, in kin hau motar nan, ina zan kai ƙara?"

Can na hango Liyatu ta nufo mu, da alama godiya za ta yi. Na share fuska da sauri, na saƙala hannuna cikin na mijina, na matse sosai yadda za ta gani tun daga nesa.

"Za ka gama mata shari'arta," na ce masa ƙasa-ƙasa. "Ka ci kuma, don ba ta yi laifin komai ba. Amma duk ranar da za ta zo ofis, ni zan kawo maka abincin rana."

"Kullum ma ki kawo."

"Zan kawo ɗin! Yanzu ɗauki akwatin nan mu je gida, tun safe ban ci komai ba."