Rabin Layi a Fayil ɗin Saiti

Ranar Litinin da hantsi Alhaji Isyaku ya shigo caji ofis hularsa a karkace, ya ce an yi masa sata.

"Kwamfuta ce, Yallaɓai. Kuma na san ɓarauniyar. Ma'aikaciyata ce, Bahijja. A kamo ta yau, gobe a kai ta kotu."

Sufeto Tanko ya nuna masa benci. "Zauna, Alhaji. Fara daga farko."

Alhaji yana da ofis a wani bene kusa da Ƙofar Nassarawa, inda suke gina wa mutane shafukan intanet. Su uku ne: shi, da Bahijja, da wani saurayi Ɗalha. Babban aikinsu shafin wata firamare ce mai zaman kanta. A ciki akwai hotunan yara, da kwatancen gidajensu, da sunan mai zuwa ɗaukar kowane yaro.

Tun Juma'a shafin ya mutu. Duk wanda ya buɗe sai ya ga farin allo.

"Fayil ɗin saiti ne ya lalace," in ji Alhaji. "Shi ke gaya wa shafin inda zai ɗauko bayanai da inda zai ajiye su. Daga kwamfutar tebur ɗina kaɗai ake taɓa shi. Ɗalha ya ce in bar masa ita ya gyara. Washegari muka nemi kwamfuta muka rasa."

"Wa ya san kalmar sirrinta?"

"Ni kaɗai."

Tanko ya zuba masa ido.

"To... mu ukun dai."

A wani lungu a Gwale Tanko ya sami Bahijja a soron gidansu, idonta ya yi ja.

"Ban ɗauki komai ba, Yallaɓai."

"Malama, wayar da ta leƙo daga kwandon wankin can, ta dutsen guga ce?"

Ta dubi kwandon. Can ta tashi ta yaye zanin da ke kan kwandon. Ga kwamfuta a kwance.

Ta haɗa ta da ƙaramin allo, ta buɗe fayil biyu gefe da gefe, tsohon kwafi mai lafiya da wanda ya lalace. Ta riƙa bin su layi-layi da yatsa. Duk iri ɗaya ne har kusan ƙasa. A nan sai ga baƙon layi, shi ma bai ƙare ba. Ya tsaya a tsakiya, kuma duk abin da ke ƙarƙashinsa ya ɓace.

"Wannan ba namu ba ne," ta ce a hankali. "Cewa yake a riƙa tura kwafin bayanan yaran zuwa wani adireshi a waje. Yankewar da ya yi ce ta hana. Duk wanda ya ce zai gyara, in ya ƙarasa layin nan, shi ke nan."

"Me ya hana ki gaya wa Alhaji?"

"Kwamfutarsa ce, Yallaɓai. Ban san wanda zan yarda da shi ba."

Tanko ya duba lokacin da aka taɓa fayil ɗin. Daidai sallar Juma'a ne, lokacin da maza ke masallaci, ita kaɗai ke saura a ofis.

"Ɗauko mayafinki," ya ce. "Har yanzu ke ce a hannuna."

A ƙasan benen ofishin Alhaji akwai shagon Ado tela. Janareta ɗaya gare su da ofishin, kuma Ado ne ke kula da shi. Tanko ya bar Bahijja a mota da ɗan sanda, ya tsaya a bakin keken ɗinki.

"Kana kashe injin nan da rana?"

"Ranar Juma'a kawai, ranka ya daɗe. Ni a masallacin bayan nan nake bin sahu, ƙafata ba ta kai ni nesa. Da an tashi tayar da salla sai in kashe, kada ƙararsa ta dami mutane. Ana sallamewa in kunna."

"Mutanen sama sun sani?"

Ado ya yi dariya. "Su Alhaji? Tun kafin huɗuba sun hau babur sun tafi babban masallaci. Yana ruri suke barinsa, yana ruri suke tarar da shi. Malama ce kaɗai ta sani. Kullum sai ta leƙo ta ce, 'Baba Ado, na gama, kashe abinka,' sannan ta shiga wajen iyalina ta yi sallarta."

"Juma'ar nan fa?"

"Haka ta yi."

Tanko ya ɗaga kai ya dubi tagar benen. Labulen ya motsa.

A sama ya tara su uku, ya ɗora kwamfutar a kan tebur. Ɗalha dogo ne, mai tsafta, yana ta juya waya a hannu.

"Ga yadda za a yi," in ji Tanko. "Malama za ta kwana a wajenmu. Kwamfuta kuma ta zama shaida. Ba mai taɓa ta sai an gama shari'a, ko da shekara za a yi."

Bahijja ta dafa bango.

Ɗalha ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, ai ba sai an kai ga haka ba. Ba wanda ya lalata komai. Wuta ce ta ɗauke ana cikin ajiye fayil, sai ya yanke. A ba ni ita yanzu, kafin la'asar shafi ya dawo."

Tanko ya juya. "Alhaji, ana ɗauke muku wuta ranar Juma'a?"

"Ina! Janareta yana aiki muka fita, yana aiki muka dawo."

"To kai, Ɗalha, wa ya gaya maka ta ɗauke?"

"Na... ji injin ya tsaya."

"Daga babban masallaci? Lallai kunnenka abin a kai asibiti a duba ne. Alhaji, sahu ɗaya kuka yi da shi?"

Alhaji ya dubi Ɗalha. "A ƙofar masallaci muka rabu. Ya ce zai sake alwala."

"Malama ta san ana kashe injin," in ji Tanko. "Da ita ce, ba za ta zauna kan kwamfutar da ba batir a wannan lokacin ba. Sai wanda bai taɓa zama a ofishin nan lokacin salla ba."

Wayar Ɗalha ta yi kuka. Ya katse. Ta sake yi. Tanko ya miƙa hannu ya karɓa. Lamba ce ba suna.

Ɗalha ya zame ya zauna a ƙasa.

"Wallahi ban san sunan mai kiran nan na gaskiya ba. Da farko aiki ya ce zai sama min. Da na gane abin da yake so na ja baya, sai ya turo min hoton ƙanwata tsaye a ƙofar gidanmu. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar Malama ta sauka, na zauna, ina cikin ajiye fayil ɗin allo ya mutu. Da wuta ta dawo na kunna, rabin ne ya tafi, kafin in gyara na ji Malama tana hawowa."

"Me zai yi da gidajen yaran mutane?"

Ɗalha ya rufe fuska. "Ban tambaya ba. Ya ce yau ne wa'adi. In bai samu ba, akwai wata hanyar."

Tanko ya kira ɗan sandan ya sa wa Ɗalha ankwa. Suna sauka, ya buga wa ofis waya ya ce a tura mutum biyu gidan su Ɗalha, a tura mota bakin makarantar.

Alhaji Isyaku ya cire hula, ya kasa duban Bahijja.

"Malama, ki yi haƙ..."

"Bar wannan tukuna, Alhaji," ta ce, tana jawo kujera gaban kwamfutar. "An kusa tashi. Kira makarantar ka ce kada a saki yaro ko ɗaya yau sai uwarsa ko ubansa ya zo da kansa."