Furannin Falon Ɗayyaba

Ranar da aka yi wa Ɗayyaba, 'yar unguwar Gesse, jere a Gwadangaji, yayarta Sadatu ta cika falon da furannin roba, wasu a tukwane, wasu sun bi bango sun sauko har kan TV. Angon, Muhyiddeen, ɗan manoman albasa ne daga Argungu. Dariya kawai ya yi ya ce, "To, ga fadama an kawo mani cikin ɗaki!"

Suna zaune lafiya cikin ƙauna sai mahaifiyarsa, Inna Adama, ta zo Birnin Kebbi ganin likitan ido, don yanar ido ta rufe mata gani. Da safe ta lallaɓa falo, ta sa yatsa cikin tukunya guda ta ji ƙayau.

"Wayyo, wanga icce ƙishi shikai!" Ta ɗauko buta ta bi su ɗaya-ɗaya tana ba su ruwa.

Ɗayyaba na bakin kicin tana kallo. Ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ina ita ina gyara wa suruka? Sai ta bari Inna ta koma ɗaki, ta zubar da ruwan ta goge tayil. Haka aka yi ta yi kullum, ko mijinta ba ta gaya wa ba.

Ana nan Sadatu ta zo ta tarar da Inna a kan aikinta. Sadatu kuwa ba ta iya ganin abin dariya ta bar shi ya wuce. Ta ɗaga waya ta fara ɗaukar bidiyo.

Ɗayyaba ta ce, "Anti, don Allah ki bari!"

"Ke dalla, family group kawai zan sa!"

Kafin a sallami Inna, bidiyon ya riga ta isa Argungu. Ta sauka daga mota yara na binta suna cewa ga mai ban ruwan roba. Tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta a gonar albasa ta shige ɗaki, ta daina zuwa biki da suna.

Babban wan Muhyiddeen, Rabi'u, ya kira shi. "Ko uwarka ko ɗiyar Gesse, ka zaɓa!"

Muhyiddeen ya shigo idonsa jawur. "Kin san Inna na ba su ruwa?"

"Na sani..."

"Kika yi shiru?"

"Wallahi kunyarta na ji!" Ta fashe da kuka.

"Ki je gida tukun."

A Gesse mahaifiyarta ta ce kada ta kuskura ta je roƙon kowa a kan furen roba. Sadatu ko a jikinta. Damina ta zo ta wuce, Ɗayyaba ta rame ta yi baƙi, wayarta shiru. Tana son mijinta, kuma ta san yana sonta, sai dai hakan bai amfana mata komai ba.

Ranar da ta gaji, ta hau mota ita kaɗai zuwa Argungu, ta durƙusa gaban Inna tana hawaye.

Inna ta ce, "Dariyar yara ba ita tac ci mani rai ba. Kina tsaye kina kallona kullum. Da uwa kika ɗauke ni, da kin ce Inna, roba ce, mu yi dariyarmu mu biyu. Tashi ki koma ɗakinki, ba ni raba aure."

Ɗayyaba ta koma, haƙurinta ya tsirar mata da auren. Amma kunyar da ta hana faɗin gaskiya cuta ce, kuma ita ta fi kowa sani, domin har Allah ya yi wa Inna rasuwa tsohuwar ba ta sake taka gidansu ba. Ko sunan ɗansu na fari aike ta yi.