Kayan Aikin da Ya Nemi Sunan Uwa

Ana gab da magariba Kubra ta sauka daga Keke Napep a Sheda, riƙe da kular tuwo. 'Yarta ta fari, Rumasa'u, tun safe ba ta sa komai a cikinta ba, wai aiki ya yi yawa.

Aikin nan dai Kubra ba ta gama gane kansa ba. Abin da ta riƙe shi ne, akwai wata na'ura da ake aike kamar mutum, AI suke ce mata. Duk kayan aikin da za a ba ta sai an rubuta mata bayaninsa: me yake yi, me yake buƙata, yaya ake tsayar da shi. Rumasa'u ke karanta bayanan, ta gwada, ta ba su maki. Ta sha cewa, "Umma, ita na'urar ba ta tambaya. Abin da aka rubuta shi take yi."

Ofishin ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layi, ƙofar bayansa na kallon tsohon ramin da ake haƙar yumɓu. An ɗauke wuta. Hasken kwamfuta kaɗai ya rage.

"Saura ɗaya, Umma. Zauna."

"Ke, magariba fa ta kawo kai."

"Wannan ban ma san wa ya turo shi ba. Ji fa: 'Yana kiran mutum ya zo. A ba shi sunansa da sunan uwarsa.' Shi ke nan! Ya zo ina? Oho. Yaya ake tsayar da shi? Babu. Sifiri zan ba shi, amma oga Nicholas ya ce ba maki sai da gwaji."

Kubra ta ɗago kai. Sunan uwa? Ta san irin wuraren da ake tambayar wannan.

"Sunan wa kika sa?"

"Nawa mana, da naki. Kullum da namu muke gwaji."

Ta riga ta danna. Babu abin da ya faru. Rumasa'u ta yi dariya, ta jawo kula.

Kubra ta ɗauki buta ta fita ƙofar gaba, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Tana cikin wanke hannu gyare suka yi tsit, lokaci guda. Sai ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu, alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba.

Daga bayan ginin ta ji murya.

"Rumasa'u."

Muryarta ce. Tata, ita Kubra. Har da ɗan dishin murar da take fama da ita.

Butar ta suɓuce.

Ta faɗa ɗakin. Kujera ba kowa. Yarinyar na can ƙofar baya, hannunta a kan sakata.

"Rumasa'u 'yar Kubra, buɗe mini. Na zame, ƙafata."

Kubra ta buɗe baki, ta kasa kiran sunan. Tun ranar suna ba ta taɓa furta shi ba. 'Yar fari ce, ana kunya.

"Ke!"

Yarinyar ta waiwayo. Duhu ya hana ta ganin fuska.

Muryar waje ta yi ƙasa, kamar raɗa. "Kada ki saurari wadda ke bayanki. Ba ni ba ce."

Sakatar ta fara motsi. Ta ƙarƙashin ƙofar, jan ruwa na malalowa a hankali.

"Ke," in ji Kubra, "yaushe na taɓa kama sunanki?"



Hannun ya saki sakata.

Kubra ta fizgo ta, ta toshe mata baki kada "na'am" ya kuɓuce. Ta fuskanci ƙofar, ta ba da amsar da ake ba baƙon da ba a so.

"Ba ta nan."

Wani abu ya ja numfashi a bayan katakon, dogo. Kwamfutar ta yi ƙara. Rumasa'u ta karanta: "Ba a same ta ba. Za a sake kira."

Ko takalmi ba su tsaya nema ba. Sai bakin titi, inda masu gasa masara ke hira kamar ba a yi komai ba.

Washegari oga Nicholas ya duba kaf, ya ce babu kayan aiki irin wannan a wurinsu. Felicity, abokiyar aikin Rumasa'u, ita ta goge busasshen yumɓun da ke bakin ƙofa.

Rumasa'u ba ta bar aikin ba. Sai dai duk bayanin da bai faɗi yadda ake tsayar da abu ba, mayar da shi take ba gwaji, oga ya yi ta faɗa. A gida kuwa an daina kiran sunanta, sai dai a dafa ta. Kullum magariba Kubra na zaune kusa da ita, kunne a waje. An ce za a sake kira, ba a ce yaushe ba.