Magaribar Dangora

"Kawo wayar nan, Yaya."

Mujitaba ya juyo daga gaban madubin ɗakin otal ɗin, hula a hannu, yana dariya. "Wayata kuma? Me ta yi miki da sassafen nan?"

"Shekara biyu ta cikinta nake ganin fuskarka, na gaji da ita. Yau ranata ce, kawo!"

"To in Inna ta kira fa?"

Matarsa Nusaiba ta kau da kai. Ta sunkuya kamar mai gyara takalmi. "Inna ta san yau yawo za mu." Ta fizge wayar ta kashe, ta cusa can ƙasan jakarta.

Allah sarki! Da ya kalli fuskarta da ya gane akwai magana. Amma ina, murna ta rufe masa ido.

Ɗazun nan, yana banɗaki yana wanka har da 'yar waƙarsa, Kawu Mudi ƙanin Inna ya kira ta daga Dangora.

"Nusaiba, ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai ce, Kawu. Lafiya?"

"Sai haƙuri. Inna lokaci ya yi, bayan sallar asuba. Za a kai ta in an yi azahar."

Ta toshe baki da mayafi don kada ihu ya fito.

"Saurare ni da kyau. Gobe za ku taso, kuma babu abin da zai iya yi daga can. Yaron nan ya sha wahala, ki bar shi ya wuni da farin cikinsa. Kada ki faɗa masa sai an yi magariba, ya ci abinci ya natsu. Ki karɓe wayarsa, 'yan ta'aziyya ba sa jira. Umarni nake ba ki, ba shawara ba."

"To, Kawu..."

Wata huɗu da aurensu Mujitaba ya samu gurbin karatun sarrafa madara a ƙasar Sweden, ya tafi ya bar ta a hannun mahaifiyarsa. Ita 'yar Bebeji ce, ko tatsa ba ta iya ba, amma Inna ta riƙe ta kamar ita ta haife ta. Yanzu ya gama, ta zo bikin yaye su, gobe jirgi. Rana ɗaya tak ta rage musu, kuma tun tuni ya yi mata alkawarin zai zaga da ita Stockholm, babban birnin ƙasar, a ƙafa.

Suka fito. Gari ne da aka gina kan tsibirai, duk inda ka juya ruwa ne da gada. Mujitaba sai zuba yake kamar an kunna rediyo.

"Kalli ruwa, 'yar Bebeji! Ke da kike cika mana baki da dam ɗin Tiga, yau me za ki ce?"

"Ya yi kyau."

"Ya yi kyau kawai? Gimbiyata, yau kuma rowar magana ake yi mini?"

"Sanyi nake ji."

Ya cire rigar sanyinsa ya yafa mata, ya riƙo hannunta. Suka shiga tsohon gari, gidaje ja da rawaya a jere, ƙasa shimfiɗe da duwatsu. Ya ja ta wani lungu mai matattakala wanda in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bangon nan da wancan. Ya ce ta yi masa hoto. Ta ɗauka, amma ko ganinsa ba ta yi sosai saboda ƙwalla.

A ƙofar fadar sarkin ƙasar suka tarar da wani soja a tsaye ƙiƙam, ko ƙiftawa ba ya yi. Mujitaba ya tsaya gabansa ya ɗaga masa hannu. Shiru. Ya kwashe da dariya.

"Wallahi wannan ɗan'uwan Inna ne! Ko faɗuwa ka yi a gabansa ba zai nuna ya san ka ba."

"Kai, Yaya..."

"Ƙarya na yi? Ranar da zan taho fa? Kowa ya rako ni, ita ta ɗauki ƙwarya ta nufi wurin shanu."

Dariya yake, amma Nusaiba ta san inda abin yake masa ciwo. Shi ne ɗan fari, Inna kuwa Bafulatana ce ta gidi. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi a gaban mutane ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", bayan aure kuma ya koma "mijinki". Kunya ce, kowa ya sani, shi ma ya sani. Sai dai sanin bai taɓa hana shi jin kewar abin ba.

"Af, kin tuna mini," ya ce. "Tun ranar da kika sauka kike ja mini rai, wai Inna ta ba ki saƙo sai ranar yawonmu. To ga ranar."

"Sai anjima."

"Ke dai kin iya gashin mutum!"

A wani ƙaramin shago ya hango mayafan ulu masu kauri. Ya shige kafin ta hana shi.

"Wanne Inna za ta fi so? Ke kika san ta."

Ta nuna shuɗin da yatsa.

"Yauwa! Ta riƙa yafawa in za ta fita tatsar asuba. Kin san me za ta ce? Ba za ta ce an gode ba. Cewa za ta yi, ki gaya wa wancan ya daina ɓarnar kuɗi!"

Har muryar Inna ya kwaikwaya. Nusaiba ta juya tana kallon titi ta cikin gilashi, tana ta maimaita Innalillahi a zuci.

Suka haye wata gada zuwa babban masallacin garin suka yi azahar. A ɓangaren mata ne ta samu ta kifa goshi ta yi kuka mai isarta. Ta wanke fuska ta fito, ta ce masa iskar ruwa ce ta sa idonta ja. Ya yarda. Mujitaba bai taɓa kama ta da ƙarya ba, me zai sa ya fara zarginta yau?

Ya kai ta wani wurin shan kofi, ya sayo musu burodi mai kirfa. Ta saci kallon wayarta. Gida na bayansu da awa guda. Yanzu ke nan an idar da sallah a Dangora, yanzu maza suke ɗaukar makara. Shi kuwa ga shi nan yana lasar sukari a yatsa.

Ba za ta iya ba.

"Yaya, mu yi wa Inna addu'a."

"Yanzu? A kan kofi?"

"Haka kawai na ji a raina. Don Allah."

Ya yi murmushi ya goge hannu, ya ɗaga. "Allah Ka ƙara wa Inna lafiya. Allah Ka ba ta nisan kwana, ta ci moriyar karatun nan..."

Ta kasa cewa amin. Da ƙyar ta ce, "Allah Ka yi mata rahama."

Ya ɗan dube ta.

"Rahama ai kowa yana bukata," ta ce da sauri.

"Haka ne. Amin."

Daga nan ba ta san inda suka bi ba. Ta dai san sun bi bakin ruwa, sun wuce jirage a ɗaure, ya nuna mata gidan da aka ajiye wani tsohon jirgin ruwa da aka tsamo daga ƙasan teku. Ƙafafunta suka kumbura. Abu ɗaya take yi, ɗaga kai tana duban rana. So take ta faɗi ta sauke kayan nan, tana kuma tsoron faɗuwar tata.

Da yamma suka hau wani tudu inda ake hango garin gaba ɗaya, suka zauna a benci. Ta sake duban sama. Rana tana nan daram, kamar ta la'asar.

"Yaya, wai yaushe za a yi magariba?"

"Magariba? Haba, kwananki nawa a ƙasar nan? Ai da sauran tafiya, sai goma ta wuce."

Na shiga uku, ta ce a ranta. Ta san da haka sarai, amma tun da Kawu ya yi magana hankalinta ya koma gida, ranar gida take ta jira ta faɗi. Shi kuwa Kawu Mudi, mutumin da iyakarsa Zariya, ina zai san akwai ƙasar da rana ke ƙin faɗuwa?

Ta duba wayarta. A Dangora yanzu shanu sun dawo, ladan ya kira sallah, an shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Magaribar da Kawu ya sani ke nan. Kuma ta yi.

"Zan ba ka saƙon Inna."

Ya gyara zama kamar yaro. "Alhamdulillahi! Ina ji."

"Ranar da zan taho, ta rako ni."

"Inna? Zuwa ƙofar gida?"

"Har Kwanar Dangora. Ta hau bayan babur, da ciwon ƙafarta. Na shiga mota, ta zagayo ta taga ta riƙe hannuna. Sai ta... Yaya, ta kira sunanka."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa. "Sunana?"

"Da bakinta."

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Sai dariyar ta yanke. Ya dubi idanunta da suka yi ja tun rana, ya dubi jakar da wayarsa take ciki.

"Nusaiba, Inna lafiya?"

Ta girgiza kai a hankali. Sai ta faɗi abin da ake faɗa wa na nesa a gida.

"Jikin nata... ya yi tsanani."

Shekara biyu a Turai ba ta mantar da shi ba. Shi kansa da wannan maganar aka ɗauko shi daga makarantar kwana ranar da mahaifinsa ya rasu. Ledar mayafin ta zame daga cinyarsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un... Yaushe?"

"Bayan asuba."

"Tun safe? Tun safe kika sani?" Ya miƙe tsaye. "Kika bar ni ina dariya? Ina kwaikwayon muryarta? Ina roƙa mata nisan kwana ana zuba mata ƙasa?"

"Kawu ne ya ce sai magariba..."

"Kawu! Ni Kawu na aura?"

"Ka yafe mini, Yaya! Wallahi tun safe nake mutuwa ina tashi. Uwata ce ni ma!"

Ya juya mata baya, ya je ya kama ƙarfen da aka kange tudun da shi. Kafaɗunsa suna girgiza. Mutane na wucewa da karnukansu, babu wanda ya san me ake ciki. Nusaiba ta tsuguna ta ɗauki mayafin, ta karkaɗe shi, ta rungume. Ba ta san ko zai sake kallonta da idon da ya saba ba.

Ya daɗe a wurin. Da ya dawo bai zauna a bencin ba, durƙusawa ya yi a gabanta. Muryarsa ta dushe.

"Addu'ar nan ta wurin kofi... lokacin ne?"

Ta gyaɗa kai.

Ya rufe ido, hawaye na bin gemunsa. "To na ce amin. Ko ba komai na ce amin." Ya kamo hannunta. "Yaya ta faɗa? Gaya mini yadda ta faɗa."

Ta sunkuyar da kai. Ita ma tun da aka ɗaura musu aure sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Yaya, ni ma ai ban..."

"Don Allah, Nusaiba. Ke kaɗai kika ji. In ba ki faɗa ba, shi ke nan ya tafi da ita."

Ta share fuska. Ta sassauta murya yadda Inna ta yi a bakin taga, har da ɗan tsayawar da ta yi a tsakiyar sunan, irin ta wanda bai saba ba.

"Ta ce... ki kawo mini Muji...taba."

Ya kifa fuskarsa a kan shuɗin mayafin da ke cinyarta, ya fashe da kuka irin na ƙaramin yaro. Ta dafa kansa tana nata. Rana tana nan a sama, har yanzu ba ta faɗi ba.

"Sake faɗa," ya ce daga cikin mayafin.

Ta sake faɗa.