Ƙofofin Gidan Kafinta

“Shigo mana, Tela! Ko sai an shimfiɗa miki darduma?”

Bahaguwa na tsaye a bakin ƙofa da ƙullin labule a ka. Matar da ta yi maganar ita ce ta je shagonta sati biyu da suka wuce, ta ba da awon taga bakwai, ta ce sabon gidan wani ɗan'uwanta ne, a kawo ran Asabar da la'asar a rataya. Mai Turare ake ce mata. Ba ta faɗi ko wane ɗan'uwa ba ne. Ba ta kuma ce za a tarar da taro ba.

Ga kujeru an jere a tsakar gida. Ga mata sun ci ado suna ta kai da kawo da farantai. Ga maza a ƙarƙashin rumfa. A bakin rumfar wani dogon mutum na gaisawa da baƙi, cikin sabbin kayan da ba su zauna masa ba.

Kafinta ne.

Ta juya wajen Mai Turare.

“Gidansa ne?”

“Au, ban gaya miki ba?” Mai Turare ta dafe ƙirji. “Kin ga mantuwa! Yau ake liyafar shiga gidan. Kuma in an gama cin abinci Yaya za ta yi wa dangi albishir...” Ta sunkuyar da kai tana murmushi. “Kin dai gane. Shi ya sa na ce labulen gidana ba mai ɗinka shi sai gwana.”

Bahaguwa ta gane sarai. An kira ta ne ta gani da idonta.

Wata takwas ke nan rabonta da Kafinta. Shekara biyu suka yi yana zuwa shagonta, ya zauna a kan benci, ta yi ta surutu yana cewa “haka ne”. Da magana ta yi nisa ya kai ta gaida yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar uwarsu. Aka kawo shayi. Ita da son nuna hankali ta tashi ta zuba, ta miƙa wa Yaya kofi. Da hagu. Ba da gangan ba, hannun da ya saba aiki ne ya riga ta. Tana ƙarama an doke hannun nan, an ɗaure shi a baya, bai canja ba.

Yaya ta ƙi karɓa. A gaban mata shida ta ce, “A gidanku ba a koya miki hannun da ake miƙa wa manya abu ba? Wannan za ka kawo mana?”

Bahaguwa ta dubi Kafinta.

Kafinta ya dubi ƙasa.

Shi ke nan. Washegari ta ce masa namijin da ba zai iya buɗe baki a kanta ba, ya nemi wata. Innarta ta ce gara haka, dama dangin da suka fara da raini ba sa ƙarewa da mutunci. Sau uku ya koma shagon ya tsaya a ƙofa, sau uku bai ce komai ba, ita kuma ba ta ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

Yanzu ga ta a ƙofar gidansa da kaya a ka. In ta juya, a ce ta gudu. Ita kuwa ba ta taɓa karɓar aiki ta bar shi a hanya ba.

“Ina falon?” ta ce.

Kafinta ya hango ta tana ratsa tsakar gida. Hannunsa na cikin na wani baƙo, ya manta bai saki ba. Da gani bai san da zuwanta ba. Ba ta ko kalle shi ba.

Yaya na zaune a falo kan babbar kujera, mata sun kewaye ta.

“Ina wuni, Yaya.”

“Lafiya. A yi aiki da kyau, gidan amarya ne.”

Wata ta yi tari don ta ɓoye dariya.

Bahaguwa ta kwance ƙulli, ta jawo kujera ta hau, ta fara zura labule a ƙarfe. Bayanta hira ta ci gaba, kuma hirar duk a kan gidan ce.

“Gida ya yi kyau, amma ni ƙofofin nan sun ishe ni,” in ji wata mai jiki. “Na kai hannu zan buɗe banɗaki, na lalubi katako. Mariƙin yana can wancan gefen!”

“Ke ma? Ni makunnin wuta na yi ta nema kamar makauniya.”

“Ku je kicin ku ga abin haushi,” Mai Turare ta ce, tana shigowa da tire. “Kabad ɗin duk a juye suke buɗewa. Sau biyu murfi yana dukan goshina. Famfon ma a bai-bai. Ni dai ina shigowa za a sauya su, na gaya wa nawan.”

“Mutumin da ya yi wa rabin gari ƙofa!” mai jikin ta ce. “Wanzami dai ba ya son jarfa.”

“Gajiya ce,” Yaya ta ce a taƙaice. “Shi kaɗai ya yi komai, bai yarda kowa ya taɓa ba.”

Bahaguwa na ji tana aikinta. Abin da ya ɗan tsaya mata a rai shi ne, ita ba ta lalubi komai ba. Ta shiga ɗaki na biyu, ƙofa ta buɗe mata. Ta kai hannu bango, wuta ta kawo. Ta ce a ranta, matan nan dai ba sa rasa abin kushewa.

Taga ta uku. Ta huɗu. Ta shiga kicin rataya ƙaramin labule, ta ga hannunta ya yi ƙura, ta murɗa famfo ta wanke. Ta buɗe kabad neman tsumma. Murfin ya tafi gefe salin-alin, bai nufi goshinta ba.

Ta tsaya da tsumma a hannu.

Sai ta rufe kabad ɗin, ta sake buɗewa da dama. Murfin ya tokare mata hannu.

Ta ajiye tsumman ta fita da sauri, kamar wadda aka kama tana sata.

Taga ta bakwai tana wani ƙaramin ɗaki a ƙarshen baranda. Babu gado a ciki, babu kujera. Dogon tebur ne kawai jikin bango, an goge shi sumul. Ta matsa kusa. Tsayinsa daidai ƙugunta, ita da ba ta da tsawo. Durowa a hagu. Ƙusa ɗaya a bango, ita ma a hagu, daidai inda mutum zai rataya almakashi. Tagar kuwa tana dama.

A shagonta taga a hagu take. Kullum in tana zana layi a kan yadi, inuwar hannunta sai ta rufe layin. Ta taɓa yin mitar haka sau ɗaya, tun farkon zuwansa. Ya ce “haka ne”.

Ta ɗora hannun hagu a kan teburin. Hasken la'asar ya sauka a gaban yatsunta, inuwa ta koma baya.

“To fa!”

Wani tsoho ne a bakin ƙofa da kofin lemo, ubangidan Kafinta, wanda ya koya masa aiki. Ya dubi hannunta, ya dubi durowa, ya dubi taga. Sai ya fashe da dariya har lemo na zuba.

“Ashe na zagi yaron nan a banza! Tun azahar nake ce masa, shekara goma a hannuna ka tashi ka kafa ƙofa a juye? Ya yi min shiru. Ashe da mai ƙofar!”

“Baba, ni labule na kawo.”

“Na gani, 'yata. Ni ma lemo na zo sha.”

Ya juya yana dariya, ya yi karo da Kafinta a baranda, ya buga masa kafaɗa ya wuce.

Kafinta ya tsaya a ƙofa kamar yadda ya saba tsayawa.

“Ban san an kira ki ba. Wallahi.”

“Na sani.”

Ta shafa saman teburin.

“Yaushe ka yi teburin nan?”

“Wata uku ke nan.”

“Bayan na kore ka.”

“E.”

“Ƙofofin fa?”

“Su ma.”

“Don me?”

Ya shafa ƙeya. “Na zo kafawa... hannuna ya ƙi yin ɗaya gefen.”

Idonta ya kawo ruwa. Ta mayar da shi. Ta hau teburin da ƙafarta, ta zura labulen ƙarshe, ta daidaita shi, ta sauko.

“An ce yau za a yi maka albishir.”

“Ni ban ce ina so ba.”

“Ka ce ba ka so?”

Ya dubi ƙasa.

“Ka gani!” Ta buga teburin. “Ka sa katako ya yi maka magana. Gida guda! Wata takwas kana sassaƙa abin da za ka faɗa da baki a minti ɗaya!”

“Shi na iya, Bahaguwata...”

“Kar ka kira ni haka! Ni ba katako zan aura ba. Ranar da aka ci mutuncina, ƙofa ce za ta tsaya min? Yau ma za ka sunkuyar da kai, a ɗaura maka wata, ta zo ta ciccire ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, kana cewa haka ne.”

Ta naɗe zanen da ta ƙullo kaya da shi.

“Aiki ya yi kyau. Allah ya sanya alheri. Matsa min.”

Ya matsa.

A tsakar gida an gama cin abinci. An fito wa Yaya da kujera tsakanin maza da mata, Mai Turare na gefenta ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Yaya ta tafa hannu.

“Jama'a, a saurara! Mun gode wa Allah da ya nuna mana ƙanena a gidan kansa. To gida ba ya zama sai da mace. Ni da na raine shi na duba, na zaɓa...”

Bahaguwa na bin gefen bango. Saura taku biyar ta kai ƙofar waje.

“Yaya, dakata.”

Ba da ƙarfi ya faɗa ba. Amma duk wanda ya san shi ya waiwaya, don ba a taɓa jin ya katse ta ba.

“Me ka ce?”

“Na ce ki dakata.” Ya matso gabanta. “Ke ce uwata, ke ce ubana. Ban musa ba, ba zan taɓa musawa ba. Amma gidan nan da mai shi.”

Ya juya wajen baƙi.

“Duk wanda ya lalubi ƙofa yau, ya yi haƙuri. Ba kuskure ba ne. Da hannun waccan na auna.”

Ido ya koma kan Bahaguwa. Ta tsaya cak, ba ta juyo ba.

“Ranar da kika yi mata faɗa a kan kofi, Yaya, ba ta yi laifi ba. Haka Allah ya yi ta. Ni ne mai laifi da na yi shiru. Ita nake so. In ta ƙi ni, na haƙura da auren, amma ba na son wata.”

Yaya ta miƙe tsaye.

“Ni kake mayar wa magana? A gaban mutane?”

“Wancan ma a gaban mutane aka yi, Yaya.”

Sai tsohon nan ya ajiye kofinsa ya ce, “Shekara goma yana shagona, ban taɓa jin ya haɗa magana uku a jere ba. Hajiya, ki bar shi ya ƙarasa, kar bakin ya sake rufewa.”

Maza suka kwashe da dariya. Wasu matan ma suka kasa riƙewa. Mai Turare ta yaye mayafi, ta fizgi jakarta.

“Yaya, ke kika ce min an gama magana!”

Ba ta jira amsa ba, ta bangaje kujera ta fice. Yaya ta koma ta zauna a hankali, ta kafe ƙanenta da ido kamar yau ta fara ganinsa.

Kafinta ya taka har inda Bahaguwa take.

“Na faɗa.”

“Na ji.”

“Ya isa?”

Ta juyo. Hawaye ya riga ya zubo, ba ta goge ba.

“Da ban zo ba fa? Da wannan baiwar Allah ba ta jawo ni da makircinta ba?”

“Da na zauna a haka. Sati biyu ina kwana a nan, kullum sai na buge goshi. Mutum yana sabawa.”

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka.

“Kai dai anya... To. Gobe ka je wajen Kawuna. Da bakinka, ba da tebur ba.”

“Inna fa?”

“Inna ka bar ni da ita. Kai ka ji da taka.”

Ta fita. Ya bi bayanta har bakin titi, ya tsaya sai da ta sami abin hawa, sannan ya koma ya sallami baƙinsa.

Inna ta yi wata guda tana cewa a'a. Kawu ya ce shi yaron ya yi masa, ko da yake sai da ya sa shi maimaita buƙatarsa sau biyu don bai ji ba. Wata huɗu bayan liyafar aka ɗaura aure.

Yaya ta zo. Ta zauna can baya, ba ta yi wa kowa dariya ba, ba ta kuma tashi ba sai da aka watse. Ga wanda ya san ta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.